Ku Tambayi Kawu: Iyon Madarumfa zai fisshe ni a tekun Lome?

Wasiƙun wannan wata duk a kan ruwa suka faɗa, ko zafin bazara ne ya karkata hankalin kowa can, oho. Na zaɓi huɗu. Ta farko ta fi cin wuri, don maganar rai ce a cikinta.

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Ni yaron shago ne a babbar kasuwar Maradi. Maigidana zai tura ni Lome in jira kaya a tashar jiragen ruwa, kuma an ce jiran yakan ɗauki makonni. Abokina da ke can ya ce akwai wuraren shaƙatawa a bakin teku inda ake koya wa mutum tuƙa ƙaramin kwalekwale, da hawan igiyar ruwa a kan allo, har da babur ɗin ruwa. Ni dai na iya ruwa, tun ina yaro nake wanka a Gulbi, kuma ina iyo mai nisa a tabkin Madarumfa. Da wanne zan fara? *Wani matashi daga unguwar Mokoyo.*

Amsa: Ɗana, ban musa maka ba, ka iya ruwa. Ni ma a Gulbin nan na koya, tun kafin in zama malamin wasanni. Amma ruwan Gulbi gefe ɗaya yake tafiya, kana ganinsa da idonka, na Madarumfa kuwa a kwance yake. Tekun Lome wani abu ne daban. Gaɓarsa gangare ce: taku kaɗan ruwa na gwiwa, ka ƙara kaɗan ya shanye kanka. Igiyoyin da ke dukan wannan gaɓa daga can kudancin tekun Atlantika suke tasowa, su yi tafiyar dubban kilomita babu abin da ya tare su, sai sun iso kan rairayin su zube gaba ɗaya. Sun fi ƙarfi da damina, daga wajen Yuni zuwa Satumba.

Saboda haka ranar farko kada ka shiga. Ka tafi da sassafe inda masunta ke tura jiragensu, ka zauna ka yi kallo. Za ka ga ƙarti majiya ƙarfi, waɗanda aka haifa a bakin ruwan nan, sun riƙe jirgi suna jira, suna lura da igiyoyin, sai manyan sun wuce sannan su tura da gudu. Idan su suna jira, kai da ka sauko daga mota jiya ba ka da dalilin gaggawa.

Gishirin ma yana ruɗar baƙo. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kamar giram 35, shi ya sa ruwan ke ɗaga jikin mutum fiye da na tabki. Sai ka ji ka yi sakayau, ka ɗauka gwanintarka ce ta ƙaru. In ya shiga ido ya yi yaji, in ka haɗiye shi da yawa sai amai.

Abin da ya fi cin mutane a wannan gaɓa shi ne ruwa mai komawa. Igiyoyi suna tara ruwa a bakin gaɓa, dole ruwan nan ya koma inda ya fito. Sai ya sami wata kafa a tudun yashin da ke ƙarƙashi, ya bi ta nan da gudu ya nufi tsakiyar teku, a siririyar hanya. Mugun abin shi ne wurin ya fi ko'ina kyan gani. Dama da hagu igiya na fashewa da farin kumfa, shi kuwa shiru, launinsa ya fi duhu, wani lokaci ka ga ganye ko leda na tafiya a kansa suna nisa da gaɓa. Baƙo mai gudun igiya nan zai zaɓa ya shiga. Gudunsa kan kai mita biyu da rabi a daƙiƙa ɗaya in ya yi tsanani, alhali gwanayen iyo na duniya, masu cinye mita 50 a daƙiƙa 21, ba su kai wannan ba. Mutanen gaɓar kan ce Mamiwata ce ta ja mutum, mu nan mu ce ƴan ruwa. Ni dai abin da na gani da idona, wannan ruwan ne.

Ba ya jan mutum ƙasa, waje yake kai shi. Abin da ke kashewa gajiya ce da firgita: mutum ya ga gaɓa na nisa, ya dage sai ya koma ta inda ya fito, har ƙarfinsa ya ƙare. A nan ne yaron Gulbi ya fi ɗan birni sa'a. Ka san ba a tsallake Gulbi kai tsaye in ya kawo, a karkace ake bi, ruwa na tura ka kana yankawa har ka fita can ƙasa. To haka za ka yi. Ka kwanta rigingine ka huta, ka ɗaga hannu ɗaya a gan ka, sannan ka yi iyo gefe, kana bin tsawon gaɓa, har ka fita daga hanyar ruwan, don ba ta cika faɗi ba. Daga nan igiya da kanta za ta taimaka ta mayar da kai.

In wurin yana da tuta, ka karanta ta: kore an yarda a shiga, rawaya a yi hattara, ja an hana. Inda babu tuta kuma babu mai ceto zaune yana kallon ruwa, wanka bai kama ka ba, ko da ka ga ƴan gari a ciki. Galibin wannan gaɓa haka take.

Yanzu ga tambayarka. Ka fara da kwalekwale, kuma a ruwa mai kwanciya. Ka bi hanyar Aneho, kamar kilomita 30 gabas da Lome, za ka iske tabkin Togo a garin Agbodrafo, da Togobil a ɗaya hayin. Teku na bayanka kana jin rugugin sa, amma ruwan da ke gabanka lafiya lau. Kwalekwalen da ake kira kayak na mutum ɗaya ne ko biyu, ana zama a ƙasansa, matuƙinsa baki biyu ne, kana tsoma dama kana tsoma hagu. Sabon shiga da hannu yake ja, shi ya sa kafin rabin awa damatsansa sun mutu. Da ƙugu ake juyawa, hannu riƙo ne kawai aikinsa. Malamin kirki tun ranar farko zai sa ka kifar da jirgin da gangan a wuri mara zurfi, ka koyi komawa ciki. Kuma ka riƙe wannan: in za ka fita, ka fuskanci iska tun kana da ƙarfi, don ta turo ka a dawowa. Iskar bakin teku da la'asar take tashi, masu fita da hantsi cikin nishaɗi su ne ke shan wuya a komowa.

Bayan shi sai faffaɗan allon da ake tsayawa a kai ana tuƙi da dogon matuƙi. A durƙushe ake farawa. In ka miƙe, ka kalli nesa, wanda ya kalli ƙafarsa ya faɗa.

Hawan igiya shi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Ni sai da gemuna ya fara furfura na gwada shi, lokacin wani horo da aka tura mu Kwatano, kuma har yau in na tuna sai in yi murmushi ni kaɗai. Allon mai koyo dogo ne, ya fi mita biyu, na soso mai taushi, da igiya da ake ɗaurawa a idon sawu don kada ya tsere. A kan rairayi za a fara koya maka tashi: kana kwance ruf da ciki, ka dafa, ka yi wuf ka tsaya ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a lanƙwashe. Sannan a shiga ruwa iya ƙugu, inda igiya ta riga ta fashe ta zama kumfa. Kada ka taɓa sa allon tsakaninka da igiya, za ta maka maka shi a fuska. In za ka faɗi, ka faɗi a shimfiɗe, ba da ka ba, ka rufe kanka da hannuwa kafin ka ɗago. Za ka sha faɗuwa, za ka kwana da ciwon kafaɗa. Ran da ka tsaya, abin bai wuce ƴan daƙiƙu ba, amma za ka fito kana ihu har ka manta da mutane na kallonka. Sai dai malamin da ya san gaɓar ne zai zaɓa maka wuri da lokaci, don ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini da dare, kuma kullum lokacin na jinkirta da kamar minti 50. Inda ka taka yashi jiya da safe, bayan kwana biyu zai iya zama zurfi.

Babur ɗin ruwa kuwa, ni da za ka ji tawa da ka bar shi. Ya fi kowanne cin kuɗi, kuma ba ya koya maka komai game da ruwa. Ga shi da wata ɗabi'a mai cutar da wanda ya saba da babur na tudu: da ruwan da yake fesowa ta baya yake juyawa, in ka tsorata ka saki totur, kan ya daina jin magana, ka tafi miƙe ka daki abin da kake gudu. In ka nace, ka ɗaura igiyar kashe inji a wuyan hannunka.

Yadda za ka gane wurin kirki ba wuya. Za su tambaye ka ko ka iya ruwa, su kuma gwada ka, ba su ɗauki maganarka kawai ba. Za su tambayi lafiyarka, ko kana da farfaɗiya, ko asma, ko ciwon zuciya. Za su ba ka rigar ceto daidai jikinka. Ka sa a kama kafaɗunta a ɗaga, in ta haye kunnuwanka ta yi maka yawa. Tib ɗin taya ba rigar ceto ba ne, iska ce kawai ke tafiya da shi da kai. Malamin ya shiga ruwa tare da ku, ba ya zauna a inuwa yana danna waya ba. Ku yi ciniki tun a tudu, har da wanda zai biya in matuƙi ya karye. Takardun kayan Alhaji da wayarka ka bar su a masauki. Kuma ka gaya wa maigidanka, don aiki ya tura ka, kada kaya su fito kana tsakiyar tabki. In lokacin salla ya riske ka a gaɓa, ruwan teku yana alwala, hadisi ya tabbata cewa ruwansa mai tsarki ne, mushensa kuma halal.

Tambaya: Malam, ƴata tana karatu a jami'a a Dakar. Ta kira ni ta ce tana so ta shiga makarantar koyon iyo, har ma da wannan hawan igiyar. Ni tsoro biyu nake ji, na ruwa da na tsiraici. Mahaifinta bai sani ba tukuna. *Wata uwa daga unguwar Zariya.*

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana su. Dakar teku ya kewaye ta ta gefe uku, jami'ar ma a bakin ruwa take. Yarinyar da za ta yi shekaru a can, ƙawaye za su ja ta gaɓa, za ta hau jirgi zuwa tsibirin Gore ko na Ngor. Wadda ta koya a hannun malama ta fi wadda za ta je a ɓoye ba ta iya ba.

Batun sutura an daɗe da warware shi. Tun 2004 wata Musulma ƴar asalin Labanan mazauniyar Ostireliya, Aheda Zanetti, ta fito da kayan wanka masu rufe jiki duka ban da fuska da tafin hannu da ƙafa: riga mai dogon hannu, wando, da hula haɗe. Yadin ba ya shan ruwa. Wannan ya fi zane da dogon hijabi aminci nesa ba kusa ba, don zane in ya jiƙe nauyi yake yi ya naɗe ƙafafu, hijabi kuma igiya kan juyo shi ya rufe fuska. Banda haka, ruwan Dakar yana sanyi sosai daga wajen Disamba zuwa Afrilu, masu hawan igiya maza da mata rigar roba suke sawa tun daga wuya har idon sawu, mace kuma ta ɗora doguwar riga mara nauyi a kai.

Malamai mata akwai su. Khadjou Sambe, ƴar ƙabilar Lebu masunta daga Ngor, ita ce mace ta farko a Senegal da ta mai da hawan igiya sana'a, kuma ta koya wa ƴanmata da dama. Ki ce wa ƴarki ta nemi rukunin mata, ta fara a wurin wanka na gini, akwai babba na ƙasa a unguwar Point E, sai ta iya sosai sannan ta taɓa teku. Ta kuma sani hukumomin Dakar sun hana wanka a gaɓoɓi da yawa na birnin saboda haɗarinsu, kada ta bi taro.

Mahaifinta kuwa, ki gaya masa da kanki, ki nuna masa hoton kayan. Abin da aka ɓoye wa uba, ran da ya ji a bakin wani ya fi ɓaci. Ana danganta wa Sayyidina Umar cewa a koya wa ƴaƴa iyo da harbi da hawan doki. Hukuncin inda mace za ta yi da wanda zai gan ta kuwa, na malamanku ne.

Tambaya: Kawu, ina so in kai iyalina Kwatano da babban hutun makaranta su ga teku. In fara kai yaran Madarumfa su koyi ruwa? *Wani ma'aikaci daga Tsibiri.*

Amsa: Ƙanena, ka yi tunani, ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai ka lura hutun namu ya faɗo daidai lokacin da tekun ya fi hauka. A gaɓar Fijirose yara su yi wasa da yashi, su jiƙa ƙafa hannunsu cikin naka, iyakarta ke nan. In kana so su more ruwa, ka hau da su jirgi a tabkin Nokuwe zuwa Ganbiye, garin da aka gina gidajensa a kan turaku cikin ruwa, kowa da rigar ceto, har da kai.

Madarumfa ina son sa, amma ruwan daɗi da ke kwance shi ne gidan tsargiya. Tsutsar tana girma a cikin ƙananan dodon koɗi, ta fito ta huda fatar mai wanka, bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini. Iyayenmu da yawa sun ɗauka alamar balaga ce. Cuta ce, kuma tana da magani a likita, ƙwayar farazikwantel. Ruwan gishiri ba ya ɗauke da ita, haka wurin wanka na gini da ake zuba wa sinadarin kulorin. In da hali, can za ka kai su.

Kada ka damu da salon iyo. Yaro ya fara iya fitar da numfashi a cikin ruwa ba tare da firgita ba, ya iya kwanciya rigingine ya daɗe, ya iya juyawa ya kamo gaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Mu nan ba sai mun je teku ba, ramukan da masu bulo ke bari suna cika da damina, kowa ya san abin da suke yi mana. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu, bakinsa na neman iska ne, shiru yake tafiya. Don haka babba ɗaya ya zama ba shi da aiki sai kallonsu. In wani ya faɗa, a jefa masa jarka wofi mai murfi, ko igiya, ko a miƙa masa doguwar sanda, wanda bai koyi ceto ba kada ya bi shi. In an fito da shi ba ya numfashi, a hura masa iska a baki, a danna ƙirji. A daina matsa ciki da juya yaro ƙafa sama. Ko ya farfaɗo ya ce garau yake, a kai shi likita.

Tambaya: Malam, mu da ba mu da teku, mene ne namu da wasan Turawa? Ba ɓarnar kuɗi ba ce? *Wani dattijo daga Bagalam.*

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Wani ɓangaren ɓarna ce, na riga na faɗi ra'ayina a kan babur. Amma wasan ruwa ba baƙonmu ba ne. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, akwai wasannin Kabanci: tseren kwalekwale, nutso, kamun agwagwar ruwa da hannu, iyo a kan gora. UNESCO ta sa bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016. Allon Bature da goran Bakabe aikinsu ɗaya, su ɗauki ƙirjin mutum a kan ruwa.

Kuma Nijar ta taɓa kai mai tuƙin kwalekwale gasar Olamfik. A Landan a 2012, Hamadou Djibo Issaka, mai aikin lambu da kula da wurin wanka a Yamai, ɗan shekara 35, ya shiga tseren mita 2,000 bayan horon wata uku kacal. Shi ya zo na ƙarshe, da tazarar fiye da minti ɗaya, amma ya kai ƙarshen, ƴan kallo suka tashi suna yi masa tafi.

Baba ya fi ni sanin cewa ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon garin Maradi daga fadama ta hau da shi tudu, kuma duk mun ga abin da daminar 2024 ta yi a unguwanninmu. Ruwa na zuwa mana har gida. Da masu hannu da shuni na garin nan za su haɗa kuɗi a gina wurin koyon iyo guda ɗaya na yaran makaranta, da ranar maza da ranar mata, a kuma sayi rigunan ceto a ajiye wa masu fito a Madarumfa, ni zan koyar kyauta muddin gwiwoyina na ɗauka ta.